Farin burodi, mai ruwan ƙasa da mai ƙwayoyi: wanne ya fi?

'Yar uwa da kika yi tambaya kan burodin kanti, kika ce kina ganin fari, kina ganin mai ruwan ƙasa, ga kuma wani mai ƙwayoyi a samansa, kuma maigida na fama da suga da hawan jini shi ne kike so ki san wanda za ki riƙa ɗauka. Allah ya ƙara masa lafiya. Toh ki fara cire kala daga lissafinki gaba ɗaya.

Ƙwayar alkama kashi uku ce, akwai dusa ta waje, akwai ɗan idon nan da ke tsirowa in an shuka, sai farin garin da ke tsakiya. Farar fulawa wannan na tsakiyar ne kawai, an fitar da dusa da idon, alhali a can mafi yawan fiba, wato hararar abinci da ciki ba ya narkarwa, da bitamin B suke. Ƙasashe da dama suna tilasta wa kamfanoni su mayar da sinadarin ayon mai ƙara jini da wasu bitamin cikin fulawa amma fiba ba ta dawowa, shi ya sa farin burodi fibarsa giram 2 zuwa 3 ce a cikin giram 100, na cikakkiyar alkama kuwa yakan kai 6 zuwa 7. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba na buƙatar aƙalla giram 25 a rana, kin ga ga mai cin burodi kullum wannan tazarar ba ƙarama ba ce.

Mai ruwan ƙasa kuma nan ne ake yi wa mutane wayo wallahi. Da yawansu farar fulawar nan ce dai aka zuba mata ƙonannen suga ta yi duhu, wani lokacin a ɗan yayyafa dusa don ido, mutum ya ɗauka yana murna shi ya sayi na masu kula da lafiya. Ki juya ledar ki duba jerin kayan haɗi, ana jera su ne daga wanda ya fi yawa zuwa wanda ya fi ƙaranci, don haka na farko shi ne uban tafiyar. In da turanci aka rubuta, whole wheat ko wholemeal kike nema a farkon layi. In kin ga fulawar alkama kawai ba tare da wannan ba to farar ce, ai ita ma daga alkama take, ba su yi ƙarya ba kuma ba su faɗa miki gaskiya ba. Shi ma mai ƙwayoyin haka, a rubuta hatsi kala bakwai a gaba da manyan baƙaƙe, ki juya baya ki tarar duk bakwai ɗin suna ƙarshen jerin kusa da gishiri.

Akwai ɗan lissafi mai sauƙi in akwai teburin sinadarai a jiki: ki raba adadin kabohaidiret da 10, fiba ta kai wannan adadin ko ta wuce. Misali kabohaidiret 45, fiba ta zama 4.5 zuwa sama.

Yanzu ga inda ya fi shafar maigida, kuma mutane ba su cika faɗa ba. Na cikakkiyar alkama in an niƙa garin ya yi laushi liƙis, yana ɗaga sugan jini kusan daidai da fari. A ma'aunin saurin ɗaga suga, inda gulukos yake 100, farin burodi yana wajen 75 shi kuma yana wajen 74, kusan babu bambanci. Wanda yake sauka sosai shi ne mai ƙwayoyin hatsi a cikin jikinsa, waɗanda ba a niƙe ba ko aka ɓarza kawai, irinsa kan sauko wajen 50 da wani abu, saboda ciki sai ya yi aiki kafin ya narkar da su. Za ki gane shi tun a hannu, yana da nauyi, cikinsa a cushe, in kin duba yankan ta cikin leda kina ganin ƙwayoyin har tsakiya ba a ɓawo kaɗai ba. Wanda kika ɗan matsa ya lotse kamar soso kuwa ko wane kala ne ki san garinsa mai laushi ne. Na ƙullu mai tsami shi ma yakan ɗan fi na yis zalla ta wannan fannin. Wannan ba ya nufin na cikakkiyar alkama aikin banza ne fa, fibar tana nan, ya fi riƙe ciki kuma yana sauƙaƙa bayan gida, kawai dai kada a ce tunda shi ne sai a ci yanka shida.

Gishiri kuwa dukkansu jirgi ɗaya ya kwaso su, yawanci wajen giram 1 a cikin giram 100, kuma harshe ba ya jinsa. Hukumar nan ta ce kada a kai giram 5 a rana, to yanka huɗu kawai sun cinye kusan kashi ɗaya cikin uku tun ba a shafa komai ba. Wasu kamfanonin sodiyam suke rubutawa, ki ninka shi sau biyu da rabi shi ne gishirin. Kuma ki riƙa kwatantawa da layin giram 100, kada ki bi na yanka ɗaya, don wani yankansa siriri ne shi ya sa lambobinsa suka yi kyau. Ga mai hawan jini ni a ganina in biyu sun yi kusa a fiba, gishiri ne zai raba gardama.

Suga ma ki leƙa, giram 4 ƙaramin cokali ɗaya ne, kuma abin haushi na alkamar ma akan ƙara masa suga ko zuma don a danne ɗan ɗacin dusa. In kin ga fotasiyam buromet, wani sinadari da ake zubawa don burodi ya ƙara kumbura, a jerin ki ajiye, Birtaniya ta hana shi tun 1990, Tarayyar Turai ma ba ta yarda da shi ba. Wanda aka ce babu giluten, wato sinadarin alkama mai sa ƙullu danƙo, kuma na masu cutar da jikinsu ba ya karɓarsa ne, galibi sitaci ne ya fi yawa a ciki, fibar kaɗan.

Da ni ce, mai ƙwayoyi a ciki wanda cikakkiyar alkama ce farkon jerinsa zan ɗauka, in babu shi sai na cikakkiyar alkama zalla, mai rinin nan kuwa bai fi fari da komai ba. Ku fara da kaɗan kaɗan don ciki kan yi kumburi in bai saba ba, ragowar ki sa a firiza ki riƙa ciro na ci. In yana da na'urar gwaji a gida ya gwada awa biyu bayan ya ci, yau wannan gobe wancan da yanka daidai, sai ya nuna wa likitansa lambobin.