Tallafin Survival Fund da Bashin NIRSAL: Wanne Ya Fi Dacewa da Mai Ƙaramar Sana'a?

Lokacin korona a 2020, tela a Tudun Wada ko mai shago a kasuwar Sabon Gari yana da ƙofa biyu a gabansa. Survival Fund na gwamnatin tarayya kyauta ne, ba a mayar da ko sisi. Mai sana'ar hannu ya samu Naira 30,000 sau ɗaya, wasu kuma an yi musu rajistar sana'a kyauta a CAC, hukumar rajistar kamfanoni. Kuɗin bai wuce haya ko gyaran keken ɗinki ba.

Bashin Babban Banki ta bankin NIRSAL ya fi kauri, har Naira miliyan 25 ga kamfani, da kuɗin ruwa na kashi 5 cikin ɗari da aka tsara zai koma kashi 9. Nan matsalar take. Mutane da dama sun ɗauka rabon gwamnati ne, suka yi biki ko suka sayi babur. Da wa'adi ya cika, aka riƙa cire kuɗin daga duk asusun da ke kan BVN ɗinsu, wato lambar shaidarsu ta banki. Wanda cinikinsa ba kullum ba ne, tallafin ya fi masa kwanciyar hankali. Shi ma sai sunan da ke takardar neman ya dace da na BVN, in ba haka ba kuɗin ya maƙale.