Sharhi kan shafin koke-koke na Majalisar Dokokin Birtaniya

Shafin yana da sauƙin amfani, domin ɗan ƙasa ko mazauninta da ke son sa hannu a koke zai shigar da sunansa da adireshin imel ne kawai tare da lambar gidan waya ta yankinsa, sannan ya tabbatar. Koken da ya samu sa hannu 10,000 gwamnati tana amsa shi, wanda ya kai 100,000 kuwa akan duba yiwuwar muhawara a kansa.

Rauninsa ya fito fili a watan Maris na 2019, lokacin da fiye da mutum miliyan 6 suka nemi a janye Sashe na 50, wato a fasa ficewa daga Tarayyar Turai da aka zaɓa a ƙuri'ar raba gardama ta 2016, har shafin ya riƙa tsayawa saboda cunkoso. Doka ba ta hana janyewar ba, tunda Kotun Tarayyar Turai ta yanke hukunci a Disambar 2018 cewa Birtaniya tana da ikon yin hakan ita kaɗai, amma gwamnatin Theresa May ta ƙi, kuma muhawarar da 'yan majalisa suka yi kan koken a ranar 1 ga Afrilu ba ta tilasta wa kowa komai ba. A ganina shafin ya iya auna ra'ayin jama'a, sai dai ba shi da haƙoran da zai ciji gwamnati.