Yadda Ake Zaɓar Murfin Sarƙa da Ya Dace da Keken Zuwa Aiki

Mai hawa keke zuwa wurin aiki kullum yana buƙatar murfin sarƙa domin kada baƙin mai ya ɓata masa ƙafar wando, ko haƙoran da ke jan sarƙar su cafke bakin riga ana cikin tafiya. Sai dai da yawa suna sayen murfin ne bisa girman taya, alhali taya ba ta da hannu a wannan awo. Abin da ke yanke hukunci shi ne yawan haƙoran farantin gaba, wato wanda feda ke juyawa, da kuma irin giyar da keken yake da ita.

Sau da yawa ana buga adadin haƙoran a jikin farantin, kamar 38T ko 44T ko 48T. Idan lambar ta goge, sai a sa wa haƙori ɗaya alama da alli, a ƙirga har a dawo kansa. Tazarar da ke tsakanin gaɓoɓin sarƙar keke rabin inci ce, milimita 12.7, saboda haka faranti mai haƙora 38 faɗinsa ya kai wajen milimita 154, mai 44 wajen 178, mai 48 kuwa wajen 194. Murfin da aka yi wa 38 ba zai rufe 44 ba ko da an matsa shi da ƙarfi. Wanda ya fi farantin girma kaɗan zai iya zama, amma sai an tabbatar hannun feda zai wuce ba tare da ya goge shi ba. A duba wannan tazarar da kyau, domin a wasu kekunan 'yan milimita ce kawai.

Mafi sauƙi a cikin murafan shi ne zagayayyen faifai da ake ɗaurawa a gefen farantin. Yana hana wando shiga haƙora, amma sarƙar sama tana nan a buɗe. A nan akwai awo na biyu, na da'irar ramukan noti. Idan notin huɗu ne, a auna daga tsakiyar ɗaya zuwa na daura da shi, galibi za a sami milimita 104. Idan biyar ne, a auna biyu da ke maƙwabtaka: kusan milimita 65 na nufin da'ira mai 110, kusan 76 kuma na nufin mai 130. Farantin da aka haɗe shi da hannun feda ba tare da noti ba, wannan faifan ba zai ɗauru a kansa yadda ya kamata ba.

Na biyu shi ne dogon murfi mai rufe farantin da saman sarƙa zuwa baya, kuma a ganina shi ya fi dacewa da yawancin masu zirga-zirgar yau da kullum. Ana riƙe shi da ƙarfen da ke shiga bayan mazaunin feda, wato inda sandar da ke haɗa hannayen feda biyu ke ratsa jikin keken, da wani maɗauri a ƙarfen baya na jikin keken. Tsawonsa kan zo da rara, a yanke daidai, don haka gara ya yi tsawo da ya gaza. Idan keken yana da faranti biyu ko uku a gaba, ƙarfen da ke sauya giya a gaba zai tare hanya, sai an nemi wanda aka ƙera musamman domin haka, kamar SKS Chainboard, a kuma ɗauki awon babban farantin.

Murfi mai rufe sarƙar gaba ɗaya, irin wanda aka saba gani a kekunan Holan, ya fi kowanne kare sarƙa daga ruwa da ƙura, amma ba ya aiki sai a keke mai giya ɗaya ko mai giya a cikin cibiyar tayar baya, irin Shimano Nexus. Cire tayar baya domin faci kuma yakan ɗauki lokaci. Wani irin wannan murfin mai suna Hebie Chainglider shi a kan sarƙar yake kwanciya ba tare da maɗauri ba, kuma dole a sayi wanda ya dace da adadin haƙoran, gaba da baya.

Game da abin da aka yi murfin da shi, roba ba ta da nauyi kuma ba ta tsatsa, sai dai tana tsagewa idan ta daɗe a rana. Ƙarfe ya fi ƙarko amma yana ƙara idan ya lanƙwashe. Bayan an ɗaura, a juya feda da hannu gaba da baya, a bi giyoyin duka ana sauraro, kafin a ƙarasa ɗaure notin.