Fassara ko sabon zubi: amsa ga mai binciken ɗaliban Marwa

Malama, kin ce kin samo takardar tambayoyi kan cin hanci da aka shirya wa ɗaliban Turai, kina son kai ta Jami'ar Marwa a Kamaru, ba ki san ko ki fassara ta yadda take ba ko ki sake mata zubi.

Ribar fassara kai tsaye ɗaya ce, amma babba: za ki iya jera sakamakonki kusa da na wasu ƙasashe. World Values Survey, binciken ra'ayin jama'a da ake yi a ƙasashe da dama, alal misali, na tambayar ko akwai hujjar karɓar rashawa a bakin aiki, mutum ya ba da maki daga 1 (babu hujja sam) zuwa 10 (kullum akwai hujja). To, ki shiga aji da wannan tambayar, ina ganin kusan kowa 1 zai zaɓa. Wa zai halatta haram a rubuce? Balle a ƙasar da ƙungiyar yaƙi da rashawa ta Transparency International ta sa kan gaba wajen rashawa a 1998 da 1999, aka kuma kafa CONAC, hukumar yaƙi da cin hanci ta ƙasar, a 2006. Yaran nan sun tashi suna jin wa'azin a rediyo, sun haddace amsar da ake so. In duk da haka kin bi wannan hanya, wani ya fassara zuwa Faransanci, wani daban da bai ga asalin ba ya mayar da ita harshen farko, ku zauna ku duba inda ma'ana ta zame.

Sabon zubi ya fi cin lokaci, sai dai nan ne naman yake. Maimakon ki ambaci rashawa, ki ba su ɗan labari. Direba ya taso daga Garwa, takardunsa cif, an tsare shi a shinge, ya miƙa sefa 500 don kada fasinja su gasu a rana. Kawu ya buga wa tsohon abokinsa waya saboda ɗan ƙanwarsa zai zauna konkur, wato jarrabawar gasar neman gurbi. Ɗaliba ta kai wa malami zabi biyu kafin jarrabawa. Wata kuma ta kai bayan sakamako ya fito. Ki tambaye su: laifi ne? Na wa? Kai da za ka yi? A nan za su rarrabu, wani ya ce zumunci ne, wani ya ce zalunci, kuma wannan rarrabuwar ce abin da kike nema. Afrobarometer ma, mai binciken ra'ayin jama'a a ƙasashen Afirka, kan tambayi abin da ya faru da mutum wajen neman takarda ko a hannun 'yan sanda, ba ra'ayinsa kaɗai ba. Hasararki ita ce labarin zabi ba shi da takwara a Faransa, kwatanci ya tafi ke nan.

Da ni ce, sai in bar tambayoyi kaɗan na asali ban taɓa su ba, sauran in mai da su labarai, in gwada a kan ɗalibai 'yan kaɗan tukuna, Musulmi da Kirista, masu Fulatanci da masu Hausa. Kuma don Allah kada malamin da ke ba su maki ya raba takardar. Ba suna, ba lambar rajista, kowa ya ninke tasa ya jefa a kwali da hannunsa.