Zaɓen harsashi mai araha don atisayen harbin faifan yumɓu

Wanda ya fara zuwa filin harbin faifan yumɓu (wasan da na'ura ke cilla faifai sama a harbe shi da bindiga) a Amurka ko Birtaniya yakan ɗauka cewa bindiga ce babban abin da zai ci masa kuɗi, sai bayan 'yan watanni ya gane cewa bindiga sau ɗaya ake sayenta, harsashi kuwa kowane mako sai an sake saye. Zagaye ɗaya na sikit ko tiraf, wato nau'o'i biyu na wasan (a sikit faifai yana gilmawa ta gaban maharbi, a tiraf yana nesanta da shi), faifai 25 ne, daidai da adadin harsasan da ke cikin fakiti guda. Mai yin zagaye huɗu a mako yana ƙona harsashi 100, wanda a mako 50 ya kama 5,000, wato katan 20 masu ɗauke da 250 kowanne. A irin wannan lissafi, ɗan bambancin farashin da ba ya ɗaga hankali a fakiti ɗaya yana zama kuɗi mai kauri a ƙarshen shekara. Bayanin nan ya shafi waɗancan ƙasashe ne, inda wasan yake da filaye masu rajista; a Najeriya dokar makamai ta 1959 ta ɗaure mallakar bindiga da harsashi da lasisi, kuma kasuwar ba iri ɗaya ba ce.

Farashi yana farawa ne daga gejin bindiga, wato ma'aunin faɗin bututunta. Lambar geji ta samo asali daga yawan ƙwallayen dalma masu faɗin bututun da za su cika laba ɗaya, shi ya sa geji 12, mai faɗin kusan milimita 18.5, ya fi geji 20 girma. Hankali zai ba mutum cewa ƙaramin harsashi ya fi araha, amma kasuwa ba ta bin wannan ƙa'ida. Geji 12 ne masana'antu suka fi bugawa, don haka shi ne mafi sauƙin kuɗi da sauƙin samu, geji 20 yana biye da shi kusa da kusa, yayin da geji 28 da .410 (ƙananan harsasai), duk da ƙarancin dalmar da ke cikinsu, suke da tsada ƙwarai. Wanda bai riga ya sayi bindiga ba, kuma atisaye ne burinsa, ya kamata ya san wannan kafin ya biya kuɗi.

Bayan geji sai nauyin ƙwayoyin dalmar da ke cikin harsashi, kuma a nan ne na ga mutane da yawa suna biyan abin da ba su buƙata. Harsasan atisaye na geji 12 suna zuwa da giram 32, da 28, da 24, a Birtaniya har da 21. Sabon maharbi yakan zaɓi mafi nauyi bisa tunanin cewa yawan ƙwayoyi zai rufe masa kuskure, alhali kuskurensa yawanci na harbin bayan faifai ne, wanda ƙarin ƙwayoyi ba ya gyarawa. Abin da nauyin yake ƙarawa tabbas shi ne dukan da gindin bindiga ke yi wa kafaɗa, kuma wanda ya sha wannan duka sau ɗari a yini ɗaya yakan fara ƙifta ido da noƙe kai kafin ya ja kunama, ɗabi'ar da cire ta ya fi koyonta wuya. Ya isa hujja a tuna cewa a gasar Olamfik, inda faifai ya fi gudu, ka'idar hukumar wasannin harbi ta duniya, ISSF, ta taƙaita dalma a giram 24 da ɗan rangwamen rabin giram. A ganina giram 28 ko 24 ya wadatar da kowane mai atisaye. Sai dai a Birtaniya raguwar nauyi tana zuwa da raguwar farashi a fili, a Amurka kuwa ba kullum ba, domin giram 32 da 28 ne suka cika kantuna, mai giram 24 kuma wani lokaci sai an nema. Mai bindigar da ke ɗura kanta da kanta ya gwada fakiti ɗaya tukuna, saboda wasu daga cikinsu ba sa tofar da kwanso yadda ya kamata idan harsashin ya yi rauni.

Girman ƙwayoyi, wanda ake nunawa da lamba (babbar lamba tana nufin ƙananan ƙwayoyi), ba ya canza farashi sosai. Lamba 9 ta dace da sikit, inda faifai ke wucewa kusa. Lamba 7½ ta fi riƙe ƙarfi a nesa. Lamba 8, mai ƙwaya kusan 410 a giram 28, tana aiki a duka biyun, kuma ita zan ba wanda ke son sayen iri ɗaya ya huta. Filaye da yawa sun hana abin da ya fi 7½ girma.

Babbar tambayar mai saye ita ce tsakanin harsasan araha da na gasa. A Amurka rukunin farko ya haɗa da Federal Top Gun, Winchester Super Target da Remington Gun Club, na biyu kuma Winchester AA, Remington STS da Federal Gold Medal. Akwai kuma na Turai irin su Fiocchi na Italiya da Rio na Sifaniya, a Birtaniya kuwa Eley Hawk, Gamebore, Hull da Lyalvale Express kowanne yana da mai araha da mai tsada. Bambancin gaskiya ne, ba talla kawai ba. Na gasa ana ƙara wa dalmarsa sinadarin antimoni don ta yi tauri, kuma ƙwaya mai tauri ba ta lotsewa lokacin da albarushi ya tunkuɗa ta, saboda haka tana tafiya a miƙe, watsuwarta kuma ta fi daidaito. Amma wannan fifiko sai a nesa yake bayyana, misali a tiraf idan an mayar da maharbi baya zuwa yadi 27. A tazarar sikit, ko layin yadi 16 na tiraf, faifan da aka saita daidai zai fashe da harsashin araha kamar yadda zai fashe da mai tsada. An ce araha ba ta ado, kuma haka ne: na araha yakan bar datti a bututu, gindinsa sau da yawa ƙarfe ne da aka shafa wa ruwan tagulla, wanda kan ɗan maƙale a wasu bindigogi. Waɗannan matsaloli ne na tsafta da haƙuri, ba na daidaiton harbi ba.

Inda na gasa yake rama tsadarsa shi ne wajen mai sake ɗura kwanso a gida, domin kwanson AA da STS yana jure ɗuri sau da dama. Ga geji 12 ribar wannan aiki kaɗan ce idan aka lissafa kuɗin na'urar ɗuri irin ta kamfanin MEC, da dalma, da albarushi, da lokacin mutum. Ga geji 28 da .410 ne take da tsoka. Aiki ne kuma da ba ya karɓar kintace, dole a bi ma'aunin da masu yin albarushin suka wallafa.

Dokar filin da mutum ke zuwa tana iya rusa duk lissafinsa, don haka a tambaya kafin a yi sari. Filaye da yawa a Birtaniya ba sa yarda da toshiyar roba (abin da ke raba albarushi da ƙwayoyi a cikin harsashi), sai ta zare mai ruɓewa a ƙasa, wadda takan ɗan fi tsada. Wasu filayen sun hana dalma gaba ɗaya, musamman na kusa da ruwa, kuma Tarayyar Turai ta hana harba ƙwayoyin dalma a wuraren fadama tun Fabrairun 2023. Madadin da ya fi araha shi ne ƙwayar ƙarfe, amma ba kowace tsohuwar bindiga ce ke jure ta ba, musamman mai matsattsen baki. Haka nan a duba tsawon da aka rubuta a jikin bututu: harsashin milimita 70 bai dace da tsohuwar bindigar Ingila mai mazaunin harsashi na milimita 65 ba. Wanda ke da geji 12 da geji 20 a gida kada ya haɗa harsasansu a aljihu ɗaya, domin na 20 yana zurmawa cikin bututun 12 ya toshe shi, harbi na gaba kuma ya fasa bindigar.

Game da wurin saye, fakiti ɗaya a kantin filin harbi shi ne mafi tsada, katan ya fi sauƙi, a Birtaniya kuma farashin harsashi dubu ne ake kwatantawa. Ƙungiyoyin maharba sukan haɗa kuɗi su yi odar kaya mai yawa a rage musu. Saye ta intanet yana ruɗar mutum, saboda katan ɗaya yana kai kimanin kilo 10, kuma kuɗin aike yana iya cinye rangwamen duka; a raba jimillar abin da aka biya da yawan harsasai, wannan adadin ne kaɗai ya cancanci kwatantawa. A Amurka dillali mai lasisi ba ya sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, wasu jihohi kuma suna da ƙarin sharuɗɗa kan aikawa gida, a Birtaniya kuwa sai an nuna takardar izinin bindiga. Harsashin da aka ajiye a wuri busasshe mai sanyi, a kulle, yana shekaru bai lalace ba, saboda haka wanda ya gwada fakiti biyu ya ga sun dace da bindigarsa yana iya sayen na wata shida a lokaci ɗaya idan farashi ya sauka.