Yatsa, fuska ko lambar sirri: wanne za a bar wa wayar ciniki?

Hajiya, kin ce kina sayar da atamfa a Gusau, kuɗin ciniki duk ta waya suke shigowa, kina tambaya ko ki kulle ta da yatsa, ko da fuska, ko ki tsaya kan lambar sirri. Ga yadda nake ganin su.

Fuska ce ta fi rauni a yawancin wayoyin da ke hannunmu. Ta iPhone, wadda aka fara a 2017, tana auna zurfin fuska, kuma Apple na cewa da wuya baƙo ɗaya cikin miliyan ya buɗe ta, ko da yake sun yarda tagwaye da 'yan'uwa masu kama na iya wucewa. Amma ƙananan wayoyin Android da yawa kyamarar gaba kawai suke amfani da ita, wasu har da hoto a kan ruɗe su. Ke kuma hotonki yana nan a WhatsApp, kowane abokin ciniki yana da shi. In wayarki irin wannan ce, ki cire fuskar yau.

Yatsa ya fi ƙarfi, kuma zanensa a cikin wayar yake zama, ba a tura shi kamfani, ba shi da haɗi da wanda aka ɗauka wurin NIN ko BVN. An taɓa kwaikwayonsa, wasu masana a Jamus sun yi a 2013, sai dai ɓarawon kasuwa ba zai yi wannan wahalar ba. Abin da ke damuna ya fi wannan kusa. Kin kishingiɗa bayan azahar barci ya ɗauke ki, hannu a sake kan tabarma, yaro ko mai aiki ya ɗauko wayar ya taɓa ta da babban yatsanki, shi ke nan ta buɗe. Yatsa ba ya neman izininki. In kuma manhajar bankin ma da yatsa take buɗewa, ƙofa biyu ke nan da makulli ɗaya. Sannan lamba in ta fita a canza ta ake yi, yatsa kuwa da shi za a mutu.

Lambar sirri ita ma tana da nata. Mai leƙe a bayanki a shago zai iya haddace ta, kuma wanda ya san ta zai iya ƙara yatsansa a wayarki ba ki sani ba, don haka ki riƙa duba yatsu nawa ke ciki. Mai lamba 4 hanyoyi 10,000 ne, mai 6 miliyan ɗaya. Ban da shekarar haihuwa, don Allah.

Ni dai da ni ce ke, zan bar yatsa ga buɗe allo saboda sauri, banki kuma lamba daban wadda ba ta allon ba. In za ki hau hanya, kamar ta Funtuwa, ki kashe wayar ki kunna, ba za ta karɓi yatsa ba sai an sa lamba. Wannan maganin mai ƙwace ne ya ruga. Wanda ya tsare ki da makami, Allah ya kiyaye, ki buɗe masa kawai, ranki ya fi. Shi ya sa babban kuɗi ya kamata ya zauna a asusun da manhajarsa da saƙonsa ba sa kan wayar da kike yawo da ita.