OpenSecrets: shafin da ya nuna min masu ɗaukar nauyin ɗan majalisarmu

Aikin jinya nake yi a Amurka, kuma a zaɓen 2024 na fara jefa ƙuri'a. Ana saura 'yan makonni wata abokiyar aikina ta ce min, "'Yar uwa, kafin ki zaɓi mutum, ki duba wa ya biya masa kuɗin talla." Ita ta buɗe min OpenSecrets a wayata.

Kyauta ne. Ka rubuta sunan ɗan majalisa, sai ga jerin masana'antun da suka fi zuba masa kuɗi. Alƙaluman kuma daga takardun da doka ta tilasta a miƙa wa hukumar zaɓe ta tarayya ake tattaro su, ba ji-ta-ji-ta ba ne. Na rubuta sunan namu ina kan hutun rabin dare, shayina ya huce ban sani ba.

Ɓangaren kamun ƙafa, wato kuɗin da kamfanoni da ƙungiyoyi ke kashewa don shawo kan masu yin doka, shi ne ya fi taɓa ni. A 2023 kaɗai an kashe sama da dala biliyan 4 wajen zawarcin majalisa da gwamnati, kamfanonin magunguna ne a gaba. Ni kuwa na taɓa jinyar wani dattijo da ke rage allurar insulin don kwalba ta kai shi ƙarshen wata, har ya faɗi. Daga shafin na bi sawu na gano cewa wata dokar 2003 ta hana Medicare, shirin inshorar lafiya na gwamnati don tsofaffi, yin cinikin farashin magani da kamfanoni. Billy Tauzin, ɗan majalisar da ya yi ruwa ya yi tsaki wajen zartar da ita, a 2005 ya zama shugaban ƙungiyar kamfanonin magungunan. In baki ya ci, ai ido sai ya ji kunya. Sai 2022 aka fara sassauta wannan hanin.

Mai dubawa ya kula da abu guda: in ka ga sunan kamfani kusa da na ɗan takara, kuɗin ma'aikatansa ne da na asusun siyasarsu, don kamfani ba shi da izinin bai wa ɗan takarar tarayya kai tsaye. Shafin ya bayyana haka, kuma na yaba. Akwai kuma inda idonsa bai kai ba. Tun hukuncin Kotun Ƙoli na 2010 a shari'ar Citizens United, kamfanoni na iya kashe ko nawa ne a tallan siyasa, wasu ƙungiyoyin kuma doka ba ta tilasta musu faɗin wanda ya ba su ba.

Ba ina cewa zaɓen na bogi ne ba. Ana ƙirga ƙuri'a, masu mulki na faɗuwa. Amma wa ake ɗaga wa waya bayan an rantsar? A nan nake da shakka mai yawa. Duk wata uku ake shigar da sabon rahoton kamun ƙafa, ni ma duk wata uku nake komawa in duba na magunguna.